Birki Da Taya Kafin Salansa

A Ingila da Amurka da Afirka ta Kudu akwai wata al'ada da ta daɗe da samun gindin zama a tsakanin masu sha'awar manyan baburan gudu. Masu filayen tsere irin su Donington Park da Brands Hatch a Ingila, ko Zwartkops kusa da Pretoria da Killarney a Cape Town, sukan ware wasu ranaku su buɗe ƙofa ga kowa da kowa, mutum ya biya kuɗin shiga ya hau filin da babur ɗinsa. Ba gasa ake yi ba, babu kofi, babu na ɗaya. Akan raba mahaya gida uku bisa ƙwarewa, sababbin shiga da matsakaita da gogaggu, kowane rukuni ya yi kamar minti 20 a kan kwalta, ya fito ya huta wani ya shiga, haka har yamma. Da yawa daga cikin masu zuwa ma'aikata ne da ƙananan 'yan kasuwa da suka yi watanni suna tanadi, saboda haka tambayar da ke gabansu guda ce: ɗan abin da ke hannu, wane sashe na babur za a fara kashe wa? Zuciyar matashi takan ce a sayi salansa mai ƙara, a kuma taɓa kwamfutar injin don ƙarin ƙarfi. A ganina babu wurin da mai ƙaramin aljihu zai zuba kuɗinsa ya yi asara kamar nan. Injin shi ya kamata ya zo ƙarshe, bayan taya da birki da kayan kare jiki da kuɗin koyo, kuma idan an gama da waɗannan aljihu ya ƙare ba a kai ga injin ba, mahayin bai rasa komai ba.

Hujjar farko lissafi ce da ba ta buƙatar dogon karatu. Babur kamar Yamaha R6, mai injin cc 599, yana fitowa daga masana'anta da ƙarfin doki kusan 120, kuma yana haura kilomita 250 a sa'a ba tare da an kwance masa ko noti ɗaya ba. Sabon shiga ba ya iya amfani da duk wannan ƙarfin, ballantana ya ji bambancin ɗan abin da sabuwar salansa za ta ƙara. Wanda ke gudun kilomita 200 a sa'a yana cinye mita 55 a kowace daƙiƙa, kuma idan gudu ya ninka sau biyu, aikin da ke kan birki wajen tsayar da babur yana ninkawa sau huɗu, duk kuwa zafi yake komawa. A zagaye ɗaya na filin tsere, wurin da ake buɗe totur gaba ɗaya kaɗan ne. Sauran duk rage gudu ne, da kwantar da babur cikin kwana, da fitowa daga cikinta. A waɗannan wuraren sabon mahayi ke zubar da daƙiƙoƙi, domin yakan saki totur tun da nisa saboda fargaba, ya riƙe birki da shakka, ya shiga kwana da wuri ya fito a takure. Ƙarin ƙarfin injin ba ya gyara ko ɗaya cikin waɗannan. Abin da yake yi shi ne ya kawo mutum bakin kwanar da gudun da ya fi ƙarfin hannunsa. Ga kuma wani abu da masu sayen salansa kan manta: filaye da dama a Ingila suna auna ƙarar babur kafin a bar shi ya shiga, saboda ƙorafin maƙwabta, kuma iyakar takan tsaya wajen desibel 102 zuwa 105. Mutum na iya kashe kuɗi mai yawa ya sayi abin da zai sa a mayar da shi gida daga bakin ƙofa.

Duk wanda ya san doki ya san ba a kai shi filin sukuwa da sirdi mai ado alhali kofato ya tsage linzami ya ruɓe. Taya ita kaɗai ke haɗa babur da ƙasa, kuma wurin da kowace ke taɓa kwalta bai kai faɗin tafin hannu ba. Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne zanen taya. Sai ka ga zanen da sauransa, amma robar ta tsufa ta bushe, musamman wadda ta sha rana da zafin ajiya. A gefen taya akwai rubutun da ya fara da DOT, kuma lambobi huɗu na ƙarshensa suna faɗin ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Babur na hannu, musamman wanda ya zo a kwantena bayan ya daɗe a ajiye, sau da yawa yana ɗauke da tayar da ta ba shekara bakwai ko takwas baya. Wannan ita ce abu na farko da za a cire, a sa sabuwa ta titi mai laushin roba daga kamfanin da aka sani, irin su Pirelli, Michelin, Dunlop, Bridgestone ko Metzeler. Ba na goyon bayan sabon shiga ya sayi tayar gasa marar zane. Ita wannan ba ta kama ƙasa sai ta yi zafi sosai, shi ya sa 'yan gasa ke naɗe ta da bargon lantarki har wajen digiri 80 kafin su fita, kuma wanda bai iya gudun da zai riƙe mata zafin ba zai same ta ta fi tayar titi santsi. Bayan haka sai iska, wadda ba ta cin ko kwabo. Yawancin irin waɗannan babura ana ba su 36 a gaba 42 a baya a ma'aunin masu faci, domin titi da ɗaukar fasinja. A filin tsere taya takan yi zafi iskar ta ƙaru, don haka akan rage ta zuwa wajen 30 tun tana da sanyi, gwargwadon abin da kamfanin tayar ya faɗa. Ma'aunin iska mai kyau na aljihu ya fi amfani ga sabon mahayi fiye da kayan ado da yawa masu tsada.

Birki kuwa, babbar matsalarsa a filin tsere ba ta ganuwa da ido. Man birki yana shan danshin iska a hankali, ko da babur na ajiye. Ƙa'idar man birki nau'in DOT 4 ta ce sabon mai kada ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma idan ya sha ruwa iyakar tana saukowa zuwa 155. A titi da wuya a kai wannan zafin. A filin tsere, inda ake danne birki da ƙarfi sau da yawa a kowane zagaye, tsohon mai yakan tafasa ya zama tururi, tururi kuma yana matsuwa, sai mahayi ya ja hannun birki ya ji ya tafi har ya taɓa maƙama babu abin da ya kama. Maganin wannan bala'in kwalba ɗaya ce ta sabon mai da aikin ƙasa da sa'a guda a wurin bakaniken da ya iya fitar da iska daga layin birki. A kula kawai kada a zuba DOT 5, domin shi na silikon ne, ba ya haɗuwa da DOT 4. Wanda ke haɗuwa da shi shi ne DOT 5.1. Daga nan sai takalman birki masu jure zafi, waɗanda akan ga alamar HH a jikinsu, da wanke datti daga fistocin da ke tura su. Idan babur ya tsufa, tiyon robar da ke kai mai yakan kumbura in an matsa, sai a musanya shi da mai saƙar ƙarfe. Sauya dukkan na'urar birki da wata mai babban suna ba dole ba ne, kuma a nan ma akwai tarko, domin kasuwa cike take da jabun kayan da aka buga wa sunan Brembo. Birkin asali na Honda ko Suzuki da aka kula da shi ya fi jabu mai ƙyalli aminci nesa ba kusa ba.

Sauran shirin yawanci lokaci yake ci, ba kuɗi ba. Shokazoba ta gaba da ta baya ana daidaita su da nauyin mai hawa, ta yadda idan ya zauna da cikakkun kayansa babur zai nutse kamar milimita 30. Abin awo na tela da abokai biyu sun isa wannan aikin. Idan man shokazobar gaba ya tsufa a sauya shi, idan kuma yana yoyo to babur ba ya shiga fili, domin man kan gangara kan faifan birki. A duba boris na wuya da na ƙafafu, a daidaita sarƙa bisa littafin babur, a sa sabon baƙin mai. Notin zubar da baƙin mai da matatarsa akan ɗaure su da siririyar waya don kada girgiza ta kwance su, saboda man da ya zuba a kwana wanda ke biye ne zai faɗi a kansa. Wannan dalilin ne ma ya sa masu shirya irin waɗannan ranaku da dama a Amurka ke neman a zubar da ruwan lagireto mai sinadarin hana daskarewa, wanda santsinsa ya kusa na mai, a sa tataccen ruwa da maganin tsatsa. Madubi a cire ko a liƙe shi, domin a fili alhakin wucewa lafiya yana wuyan wanda ke baya, na gaba kuwa aikinsa ya dubi gabansa. Fitilu a rufe su da salatif saboda ɓaraguzan gilashi. In akwai ɗan canji, murfin kare gefen injin ya cancanci saye, don faɗuwa kaɗan na iya fasa gefen injin ta ƙare wa mutum ranarsa.

Amma babban tanadi yana wurin zaɓen babur ɗin kansa, kuma a nan ne girman kai ke cin kuɗin mutane. Suzuki SV650, wanda ya fara fitowa a 1999 da injin cc 645 da ƙarfin doki wajen 70, ya zama abin hawan masu koyo a Turai da Amurka saboda arahar kayan gyaransa da juriyarsa, har a Ingila akwai rukunin gasa mai suna Minitwins da ya ginu a kansa, inda dokoki suka taƙaita taɓa injin don kada mai kuɗi ya sayi nasara. Ƙasa da shi akwai Yamaha R3 mai cc 321, da KTM RC 390, da Kawasaki Ninja 400. A 2017 aka buɗe gasar duniya ta irin waɗannan ƙananan babura, kuma a 2018 Ana Carrasco 'yar Sifaniya ta lashe ta a kan Ninja 400, ta zama mace ta farko da ta ci kambun duniya a tseren babur na mutum ɗaya a kan kwalta. Babur mai cc 1000 na zamani, da ƙarfin doki wajen 200, yana cinye tayar baya cikin ɗan lokaci, yana shan fetur, yana gajiyar da birki da sarƙa, alhali ƙarami zai yi ranaku da yawa da taya ɗaya. Sannan inshorar titi galibi ba ta biyan abin da ya faru a filin tsere. Wanda zai shiga fili ya shiga da babur ɗin da in ya lalace gidansa ba zai girgiza ba, kuma tsoho mai ƙwarzane a jiki amma lafiyayyen inji ya fi sabo dal dacewa da wannan aiki.

Za a ce ai mai ƙaramin babur zai sha kunya, manya za su riƙa wuce shi a miƙaƙƙiyar hanya kamar yana tsaye. Haka ne, za su wuce shi. Sai dai babban babur yana rufa wa mahayi asiri ta hanyar da ke cutar da shi: ya shiga kwana a tsorace, ya fito ya murɗa totur ya rama abin da ya rasa, ya koma gida yana ganin ya iya. Ƙarami ba ya yafe irin wannan. Duk gudun da aka zubar a kwana ba ya dawowa da sauƙi, dole mutum ya koyi riƙe shi. Zakarun duniya ta nan suka bi. Valentino Rossi ya fara cin kambun duniya a rukunin cc 125 a 1997, Marc Márquez shi ma a rukunin cc 125 a 2010, Brad Binder ɗan Afirka ta Kudu ya ci ƙaramin rukuni na Moto3 a 2016 kafin ya yi nasararsa ta farko a babban rukuni na MotoGP a Brno a 2020. Kenny Roberts, wanda ya ci babban rukuni sau uku a jere daga 1978 zuwa 1980, ya shahara da horar da manyan 'yan tsere a gonarsa ta California a kan ƙaramin Honda XR100 cikin turɓaya. Idan waɗannan ba su raina ƙaramin inji ba, ban ga abin da zai sa mai koyo ya raina shi ba. Kuɗin da aka tsira da shi kuma yana da wurin zuwa: ƙarin ranaku a fili, da malami. Makarantu irin su California Superbike School, wadda Keith Code ya kafa a 1980, sun ginu ne a kan cewa inda ido ke kallo da yadda hannu ke buɗe totur abubuwa ne da ake koyarwa. Yini ɗaya da gogaggen mahayi yana bin mutum a baya yana nuna masa kurakuransa yakan kawo canjin da babu wani ƙarfe na kanti da zai kawo.

Wani kuma zai ce araha ba ta ado, kuma duk wannan zance na tsimi zai iya kai matashi ga halaka. Wannan ƙorafi yana da nauyi, amsarsa kuwa ita ce tsimi yana da iyaka, iyakar kuma jikin ɗan Adam ce. Ana iya sayen bodi na hannu, da rigar fata ta hannu in ɗinkinta lafiya lau ne. Hular kwano ba a sayenta ta hannu, domin kumfar da ke cikinta sau ɗaya take aiki, kuma wadda ta taɓa bugun ƙasa tana iya zama kamar sabuwa a ido. A nemi mai rufe fuska gaba ɗaya da shaidar gwaji ta gaskiya, irin ta Turai ECE 22.06 ko ta Snell a Amurka. Rigar fata ta zama ɗinki ɗaya ko biyu masu haɗuwa da zif a ƙugu, da safar hannu mai rufe wuyan hannu, da takalmi mai rufe idon sawu, da farantin kare ƙashin baya. Tun 2018 MotoGP ta wajabta rigar da ke da jakar iska, kuma yanzu ana samun irinta ga kowa, ko da yake da tsada. A ƙasa mai zafi fata tana da wahalar sawa, amma akwai mai ƙananan huji don shan iska, kuma shan ruwa tsakanin zagaye dole ne. Mu a nan mun san yadda ake wasa da wannan batu: lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta hular kwano a farkon 2009, an ga masu babura sun kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu. Wanda ya ɗauki kayan kariya a matsayin abin rufe bakin jami'i bai shirya shiga filin tsere ba, komai kyan babur ɗinsa.

Ba zan ce filin tsere ba ya kisa ba. Marco Simoncelli ya rasu a Sepang ta Malesiya a 2011, Dean Berta Viñales kuma ya rasu a Jerez a 2021 yana ɗan shekara 15, a gasar ƙananan baburan nan da na yaba. Dukkansu babura masu zuwa daga baya ne suka same su bayan sun faɗi, haɗarin da har yau ba a gano maganinsa gaba ɗaya ba. Amma a kwatanta da tseren tsibirin Isle of Man, wanda ake yi a kan titin gari da aka rufe mai tsawon kilomita 60, inda mutum fiye da 250 suka mutu a tarihin hanyar, kuma waɗannan 'yan tsere ne da suka shirya, babu mota ko ɗaya a gabansu. Abin da ya bambanta wuraren biyu shi ne inda jiki ke tsayawa bayan faɗuwa. A fili akwai sarari da tsakuwa da ke rage gudu, akwai masu ɗaga tuta, akwai motar asibiti a tsaye, kowa kuma hanya ɗaya ya nufa. A titi akwai katanga da turken lantarki da bakin kwalbati, in titin bai rufe ba kuma ga tirela da mai tura baro da yaro mai tsallakawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗurran hanya kowace shekara, kuma gwargwadon yawan jama'a Afirka ce ta fi kowane yanki asara.

Nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye, ko da wani zai ce wannan wasan masu hali ne a ƙasar da ake fama da abin sawa a baki. Ban musa cewa wasa ne mai tsada ba, kuma wanda iyalinsa ke da buƙata ba shi da hujjar sayen tayar tsere. Sai dai baburan sun riga sun iso. Duk mazaunin Abuja ko Kano ko Kaduna ya san ƙararsu da daddare da ranakun biki, yawanci a ƙarƙashin samarin da suka kashe kuɗi a salansa suka bar tayar da babur ya zo da ita daga waje. Hana su sha'awar gudu bai taɓa yin aiki ba. Abin da zai yi aiki shi ne a raba gudun da titin jama'a. Filayen da aka gina don wannan kaɗan ne a Afirka ta Yamma, amma akwai: na Dakar Baobabs a Senegal da aka buɗe a 2008, da na Evbuobanosa a jihar Edo. Ga mai fitowa daga Arewa tafiyar da nisa, kuma dole a ɗora babur a mota, a yi lissafin fetur da masauki, wanda shi ma dalili ne na barin injin yadda yake a adana kuɗin hanya. Ƙungiyoyin masu manyan babura da ke garuruwanmu suna iya haɗa kuɗi su ɗauki mota ɗaya zuwa can, ko su nemi izinin hukuma su yi horon birki da kwana da ƙaramin gudu a wani fili mai kwalta da aka killace, da motar asibiti a wurin. Sharaɗin shiga ya zama an duba kowane babur a bakin ƙofa: shekarar taya, ƙarfin hannun birki, yoyon mai, sarƙa, da hular da ke kan mai shi. Wanda ya gaza a ɗaya daga ciki ya ajiye babur ɗinsa ya yi kallo, ko da shi ne shugaban ƙungiyar.